Na'urar da ke ganin guringuntsi da ƙarfen ƙafata

Malama Furera, a taimake ni da amsa. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba, ɗiyata Zeinabou ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Tun shekarar farin da ya ƙarar da shanu, zamanin sojojin farko, nake ɗauke da wani ɓacin rai. Aka ce kowane gida ya ba da namiji a yi gayyar haƙa rijiya a ƙauyenmu, nan kusa da Attantane. Ni na shiga ƙasa, don ba ni da tsoro. Igiya ta kuɓuce wa masu riƙo, na dira bisa gwiwar dama. Maɗori ya lalube ya ce babu karaya. Aka kai ni likita aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, dokotoro ya ɗaga hoton ya ce ƙashi lafiya lau. Maiwada, wanda ke shugabantar samarin gayyar, yana tsaye ya ji. Kafin mu koma gida magana ta riga mu isa, wai ciwon ƙarya na ƙirƙira don in guje wa rijiya. Suka sa mini suna Gurgun Gayya. Yau jikokin mutane ke kirana da shi, ba su ma san mafarinsa ba. Gwiwar nan kuwa ta kumbura, ta yi ƙara kamar ana niƙa, sallah ma a zaune nake yi.

Mutum ɗaya ta yarda da ni, matata Rakiya, Allah ya jiƙanta. Ita ta kai ni wurin maƙeri ya ɗaura mini zoben ƙarfe a idon sawu don magani, ya haɗe bakinsa. Ban taɓa cire shi ba.

Bana Zeinabou ta ce akwai wata na'ura a birni, i-er-em, da ke ganin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, abin da radiyo ba ya gani. Na ce to, ga shaidata ta iso. Muka sha doguwar tafiya. Muna zuwa, ma'aikacin na'urar ya dubi ƙafata ya ce ba zan shiga da ƙarfen nan ba, sai an yanke. Na ce ƙafar za a duba ko kayan adona? Ya ƙi, na ƙi, muka juyo. Zeinabou har yanzu fushi take, tana ma rubutun nan tana hararata.

Ni na san gaskiyata. Hoton nake so in kai wa Maiwada a ƙofar masallaci tun yana da rai, don shi ma ya tsufa. Na'urar da aka ce tana ganin cikin mutum, ɗan ƙarfe ne zai gagare ta? Ko dai an ga tsoho ɗan ƙauye ne? Na tambayi maigari, na tambayi dokotoro, kowa sai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri na yi shi har ya ishe ni. A ba ni amsa.

Mai gwiwar dama, daga yankin Mayahi

Baba, ga amsa, kuma ba haƙuri zan ba ka ba.

Ka yi gaskiya a abu na farko. Radiyo ƙashi yake nunawa. Guringuntsi na iya tsagewa ko ya lalace, hoton ya fito kamar babu komai. Dokotoron nan ya faɗi abin da ya gani, Maiwada kuma ya ƙara abin da ba a ce ba. Shi ma ka tuna yunwa ake, rijiya ake jira, rai a ɓace. Wannan bai wanke shi ba, amma ba shi kaɗai ya jahilci abin ba.

A batun ƙarfe kuwa, ma'aikacin ne da gaskiya. Na'urar babban maganaɗisu ce, mai jan ƙarfe da ƙarfin gaske. Zoben zai iya fizgar ƙafarka ko ya yi zafi ya ƙona ka, ya kuma ɓata hoton. Ko gwamna ne sai ya cire. Ka koma wurin maƙeri ya buɗe bakin zoben, Zeinabou ta riƙe maka, in an gama a mayar. Idan kuma akwai wani ɓarɓashin ƙarfe da ya taɓa shiga jikinka, musamman ido, ka faɗa musu kafin ka kwanta.

Sai abin da ba za ka so ji ba. Na'urar za ta nuna yadda guringuntsin yake yau, inda ya sirance da inda ya ƙare. Ba za ta rubuta shekarar da abin ya faru ba, ba za ta ambaci rijiya ba. Tsofaffi da yawa guringuntsinsu ya cinye ba tare da sun faɗi ko'ina ba. Idan ka kai wa Maiwada hoton, yana iya cewa tsufa ne, ka dawo da baƙin ciki sabo.

Don haka ka je, amma don gwiwar. Hoton zai taimaka wa likita ya san abin da ya dace da kai, motsa jiki ne, magani ne, ko aiki. Wataƙila ka samu sauƙin takawa zuwa gona. Maiwada kuma ka same shi ku biyu, ba a bainar jama'a ba, ka gaya masa abin da sunan nan ya yi maka. Mai yiwuwa bai taɓa sanin nauyinsa ba.

Shaidar da kake nema, Baba, ka daɗe da samunta. Rakiya ba ta jira hoto ba kafin ta yarda da kai, kuma ga ɗiyarta ta ɗauke ka har birni. Ka lallashe ta ku koma. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka sake kai goshinka ƙasa a sallah.

Furera