Zawon Uwar Ɗaki

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

"Wallahi Malama, daga yau ba ni ƙara ba kyanwarki ko loma guda daga hannuna." Haka Sirajo ya ce mini wata biyu da suka wuce, har da dafa ƙirji. A cikin littafin nan kaɗai nake kiran sunan mijina gatsau, yau kuwa ya cancanta. Jiya da la'asar na iske shi a zaure yana miƙa wa Uwar Ɗaki tsire, da yajinsa da komai, ga nono a murfin kwano. Yau ta wayi gari da zawo. Sau huɗu kafin azahar, ɗaya a kan tabarmar da nake duba littattafan ɗalibaina.

Wai "dabba ce fa." Dabba ce, amma ita kaɗai ce mai rai da na ɗauko daga ɗakin Inna a Karaye bayan rasuwarta. Inna ce ta raɗa mata sunan, don ba ta sauka wa kowa daga kan kujera.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na karanta duk abin da na samu a waya. Bakinsu ya zo ɗaya: ruwa mai tsabta a kai a kai, ban da nono, ban da mai, ban da maganin mutane. Dafaffen naman kaza ba kayan haɗi, da 'yar shinkafa mai laushi, kaɗan-kaɗan. Husna ƙanwata ta bugo daga Maiyama wai in jiƙa mata kanwa. Na ce ta jiƙa wa kanta.

Na sa an yanka kaza, na yi romo da hannuna. Ta lashe tas.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bai tsaya ba. Tsinken tsire ɗaya ba ya kwana uku yana ɓarna a ciki. Akwai wani abu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na tuna. Watan jiya Balkisu maƙwabciyata ta rasa 'yan tsaki biyu, ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, ki ja ma wagga kyanwa kunne, wata rana za ta ci abin da ya fi ƙarfinta." Tana dariya ta faɗa. Wa ke faɗin irin wannan magana ba dariya?

Na bi gindin katangar tun daga rijiya har bakin madafa ina neman garin maganin ɓera. Ban ga komai ba. An share wurin tsaf, kuma ba ni na share ba.

Sirajo ya ce shi ya share. Ya ƙara da cewa, "Balkisu da ko sauro ba ta iya kashewa?" Kowa a Aliero yana da mai kare shi, ban da kyanwar marigayiya.

Na kulle ta a ɗakina. Daga yau ba abin da zai shiga bakinta sai daga hannuna. Ta fara kau da kai daga romon, sai na riƙa ɗura mata da sirinji, sau uku a yini.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ta fi jiya lalacewa. Na ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari fat. Fitsarinta kamar shayin da ya sha ganye. Ke nan gubar ta riga ta shiga jini kafin in rufe ƙofa.

Bayan an sauko masallaci sai ga Balkisu da sallama, da rabin kabewa a hannu. "Yaya mai jiki? An ce dafaffiyar kabewa na tsai da zawon dabba."

Na ce, "Ki kai wa 'yan tsakinki. In kuwa duba aiki kika zo, bai gama ci ba tukuna."

A gaban mata biyu masu kitso na faɗa. Ta tsaya tana kallona, ta ajiye kabewar a bakin ƙofa, ta fita. Ni ma na karanta maganar kabewa ranar Talata. Amma ita da ba ta da kyanwa, me ya kai ta tambaya?

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na samu lambar Malam Ayuba, mai duba dabbobi a Jega. Yana Kimba yana yi wa shanu rigakafi, iska na ta yanke maganarsa. Na zayyana masa komai, har da katanga da dariyar. Bai ko tsaya kan Balkisu ba.

"Hajiya, mi take ci yanzu?"

Na ce romon kaza zalla, ni nake dafawa.

"Mi kin ka sa ciki?"

Na ce ba komai. Ba gishiri, ba maggi, ba tarugu. Ai na iya karatu.

"Ko albasa?"

Na ce to, albasa kam, ai ba a tafasa nama ba albasa, ƙarni zai yi.

Sai ya tambayi guda nawa. Manya biyu a kowace tukunya. Irin tamu ta bana, ja, mai ƙarfi, wadda Sirajo ya zaɓo daga gona don amfanin gida.

Ya ce albasa guba ce ga kyanwa da kare, ɗanya ko dafaffiya, har ruwanta. Tana ɓata ciki, tana kuma cinye jini a hankali. Shi ya sa dasashi ya yi fari. Ya ce in zubar da romon yanzu, in ci gaba da ruwa, in dafa kaza da ruwa kawai, in haɗa da kabewa in akwai. Ya ce tana buƙatar a gan ta, zai biyo ta Aliero in ya gama da shanun.

Na koma waya na sake karanta shafin da na duba ranar Talata. Suna nan, an rubuta: ban da albasa da tafarnuwa. Layi na shida. Idona ya bi ta kai ya wuce, kamar an ce ban da iska.

Da sirinji nake ɗura mata. Tana kau da kai, ina riƙe mata wuya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na dafa kabewar. Ita kabewa ba ta yi wa kowa laifi ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sau ɗaya ta yi yau, kuma ya fara kauri. Ta ci cokali biyu da kanta. Dasashin dai har yanzu fari, in ta yi taku biyar sai ta kwanta tana haki.

Ban gaya wa Sirajo ba. Laifinsa yana nan daram, shi ya fara. Ya ga tukunyar a kife ya tambaya, na ce romon ya yi tsami.

Balkisu ba ta leƙo ba tun Juma'a. Ina jin ta tana watsa wa kajinta tsaba, ba ta ko ɗaga murya kamar da. Har yanzu ina ganin maganar da ta yi watan jiya ba ta dace ba.

Malam Ayuba ya ce gobe. Na san "gobe" ta maza. Na ba shi zuwa azahar ɗin gobe Talata. In aka kira salla ban ji babur ɗinsa a ƙofar gida ba, zan ɗauke ta in hau mota zuwa Jega da kaina, in ban same shi ba in zarce Birnin Kebbi. Ba a shiga mota da kyanwa a hannu, sai a kwando mai murfi, kuma duk layinmu mutum ɗaya ce ke da shi: Balkisu. Zan shiga in aro. Zan bari sai masu kitson nan suna wurin, tunda a gabansu na yaɓa mata maganar.