Ki Kira Sunan Ɗanki a Gaban Alƙali

Longsight, Manchester

Zuwa ga jikata kuma ƙawata Rabi'a,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya ke da ɗanki Nuru. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita ta hana ni hawo mota in zo Sparkbrook in ja miki kunne da hannuna. Baffanki yana nan, kullum ana rage mutane a wajen aikinsu na kansul, wato ƙaramar hukuma, amma har yanzu Allah Ya rufa asiri. Na ɗauki biro ne da bokona na yaƙi da jahilci don a waya ba kya barina in kai aya, sai kuka.

Na ji an sa ranar da za ku shiga kotun iyali ke da Maharazu uban yaron, a yanke wajen wanda Nuru zai zauna. Na kuma ji tun da gwamnati ta tsuke aljihu babu lauyan kyauta, da bakinki za ki tsaya. To ga lauyarki nan, tsohuwa mara haƙori, ladanta goro. Mu fara da tufafi, don na san ki. Leshin nan mai duwatsu ki bar shi a akwati, ba ɗaurin aure za ki ba. Ki sa abayarki mai duhu wankakkiya, da mayafin da zai bar fuskarki a fili, da takalmi mara tsini. Awarwaro ki cire. Kubura maƙwabciyarmu ta je da nata har gwiwar hannu, na'urar bakin ƙofa ta yi ta ihu, ta ce sai da ta tuɓe su ɗaya bayan ɗaya layi na kallonta, ta shiga gaban alƙali tana haki. Humra ma ki ɗan taɓa kawai, ɗakin ƙarami ne. Ki je da wuri, ki kashe waya. Kada ki durƙusa gaisuwa, za su ɗauka faɗuwa kika yi su kira motar asibiti. In Maharazu ya faɗi abin da ya sosa miki rai, ban da tsaki, ban da harara, ki bari ya gama. In an tambaye ki kuma kada ki ce kin bar shi da Allah. Allah Ya riga Ya sani, alƙali ne bai sani ba.

Yanzu ga babbar maganar. Kin ce Catherine, matar da kotu ta turo ta duba zamanku, ta ce kamar ba ki shaƙu da yaron ba. Wai har ta tashi ba ki kira sunansa ba, sai "yaron nan", da ya haye cinyarki kika sauke shi, da ta yaba masa kika kau da kai. Rabi'a, ni na san abin da kika yi. Kunyar ɗan fari ce, da a Kano ne sai an yaba miki tarbiyya. Amma baiwar Allahn nan ba ta san ke ce kike tsaye da shi a sanyi kuna jiran bas ba, ba ta san ke kike hana kanki nama ki tura masa ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa, kuma shi alƙali zai ji. Don haka ranar ki ɗago kai ki dube shi, ki bayyana masa al'adarmu yadda take, sannan ki ce Nuru da bakinki, da ƙarfi, ki faɗi abin da yake ci da abin da yake tsoro da yadda yake barci.

Kada ki ce tsohuwa tana aike inda ba za ta iya zuwa ba. Baffanki ɗan farina ne, har ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Jiya na ce bari in ɗanɗana maganin kafin in ba ki. Yana shan shayi na daure na ce Sunusi. Wallahi harshena kamar an ɗaura masa dutse. Ya ajiye kofi, ya tambaye ni ko jikin ne, har ya fara neman lambar likita. Da na ce lafiyata ƙalau, sai ya ce in sake faɗa. Na sake. Ƙato da shi ya tashi ya shige banɗaki ya daɗe, ya fito ido ja wai tururin shayi ne. Ban mutu ba, Rabi'a, rufin gida ma bai faɗo ba.

Baffanki zai zo ya raka ki ranar. Shi da matarsa Khadijatu suna gaishe ki, Kubura ma haka. Ki gaishe min da angona Nuru mai Turanci ta hanci. Allah Ya ba ki nasara, Ya bar miki ɗanki a ɗakinki. Kada ki jira sai ranar kotu, harshe yana son sabo. Kina ajiye takardar nan, ki leƙa inda yake ki kira shi.

Taki har kullum,
Kakarki, Hajiya Raki