Alƙalin Wasan Asabar

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni ma lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa.

Kin tambayi wasanmu na ranar Asabar. Yana nan a ɗakin karatu na unguwa, mun kai mutum goma sha huɗu. Har yanzu ni ne alƙali: in zaɓo tsohuwar kalmar Turanci daga ƙamusina, wadda Turawan ma sun manta da ita, kowa ya rubuta ma'anar da yake zato, sannan in karanta ta gaskiya. Tela, mai yi mini ɗinki, bai taɓa ci ba, amma kullum shi ke riga kowa zuwa. Maganar likitan ido kuwa ki bar ta. Ina gani sarai.

Ki huta lafiya,
Mahaifinki.

Auta,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin ƙaramin, ya yi sauƙi?

Ƙarya na yi miki. Wata biyar ke nan ƙananan rubutu suka daina fito mini. Kalmar da ke saman shafi da manyan baƙi nake gani, ma'anarta kuwa sai ka ce jerin tururuwa. Sai in kai littafin kusa da fuska, in ƙirƙiro tawa, in faɗa da muryar aji. Wa zai yi musu? Rabinsu ɗalibaina ne.

Asabar da ta wuce na ba su kalmar wamble, na ce igiyar ɗaure jirgin ruwa ce. Tela ya rubuta juyawar ciki, aka yi masa dariya, har da ni. Sai mai kemis, wanda ni na koya wa riƙe alƙalami, ya duba wayarsa, alhali mun hana waya. Ya miƙe ya sanar cewa Tela ne ya ci. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko littafin da muke rubuta amsoshi, ya bi makonnin baya ɗaya bayan ɗaya a gabana. Sau uku Tela yana yin daidai ina kayar da shi.

Tela bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, da ka faɗa mini, ai da na riƙa karanta maka a ɓoye."

Sun naɗa mai kemis alƙali, suka ce kujerata tana nan. Ban koma ba, ba wanda ya zo nemana kuma. Jiya rigata ta yage a hammata, na zagaya ta bayan kasuwa don kada in bi ta shagon Tela, na kai wa wani ɗinkin.

Allah ya yi miki albarka,
Mahaifinki.