Kar Ki Bar Tauraronki, In Ji Inna

Mirriya, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya ba ki juriyar sanyin ƙasar nan da kike. Mu nan sai godiya. Rahina ta sauka lafiya, an samu mace, Yakuba kuma ya gama rufin ɗakinsa.

Na zaɓi rubutu ne don a waya kuka ya hana ki saurarena. Gaskiya ne Inna ta sha wuya. Ranar Talata na kai ta babban asibitin Damagaram, aka yi mata radiyo, wato hoton ƙirji, likita ya ce ruwa ne ya taru a huhun hagu. An zuƙe shi, an ba ta magani, jiya har ta sha fura da kanta. Ba ta warke sarai ba, ba zan ruɗe ki ba, amma tarin ya lafa.

Da na gaya mata kina neman biye, wato tikitin jirgi, don ki taho gida, sai ta tambayi abin da za ki baro. Na mayar mata yadda kika koya mini: wai wani ɗan farin tauraro ne da ya tsufa, yana ta janyo iskar maƙwabcinsa har ta yi masa yawa ya yi bindiga, in hayaƙin ya washe sai ya fitar da irin hasken da aka leƙa ƙirjinta da shi, na ƴan makonni kawai, ya dushe. Na ce shekara huɗu kike jiran wannan, kuma yanzu ne aka ba ki na'urar da ke sama ki auna shi.

Ta saurare ni har na gama. Can ta ce shekara arba'in tana gasa tukwane, ba ta taɓa cinna wa rami wuta ta tafi unguwa ba, ko ranar da naƙudar haihuwarki ta fara sai da ta ga wutar ta faɗa. Ta ce in kika taho za ta juya miki baya, ko da yake ni da ke mun san ba za ta iya ba. Mai haƙuri, in ji ta, shi kan dafa dutse.

Don haka ki zauna, Raudatu. Ni na kwaso kayana na dawo ɗakinta, na ɗauki hutu a lakkol, makarantar da nake aiki. Na yi miki alkawari, in jikin ya sauya ko kaɗan, ke ce farkon wadda zan kira.

Kawu Gambo da Gwaggo Hajja suna gaishe ki, haka Aliya da Zuliha. Ki gaida malamarki. Jan tabon da ke ƙasan takardar ba datti ba ne. Inna ce ta sa aka jiƙa mata yumɓu, ta dangwala babban yatsanta, ta ce ki ɗora naki a kai in kewa ta dame ki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Barira