Rediyona ta sha ruwan alwala

Daren Talata, 11 ga Maris 1975, Madaki

Gaisuwa ga jama'ar Gombe kaf, har masu min dariya, daga Injiniya Ɗanjuma, wanda Bature ke gani ya cire hula!

Yau rediyon da na haɗa ta yi magana. Sati uku ina bin zanen littafin nan da na saya a kasuwa, don Turancin ciki sai dai mu kalli juna. Littafin ya zana waya ɗaya ɗaure da famfo. Mu ina muka ga famfo? Na ɗaura ta a ƙusa na kafa a ƙasa, shiru kamar maƙabarta.

Da la'asar Baffa ya fito da lalube, ya yi alwala daidai kan ƙusar. Ƙasa na jiƙewa sai na ji Kaduna can ƙasa-ƙasa. Ashe danshi take so!

Na sa masa abin ji a kunne. Ya ce, "Ɗanjuma, ashe wannan karon ba ƙarya ka yi ba." Tun da idonsa ya tafi ban ga haƙorinsa ba sai yau. Har magariba bai cire ba, ni kuma na kasa cewa ya ba ni. Ban ma yi cika baki ba, abin ya ban mamaki.

Matsalar, kunne ɗaya take ɗauka. Duk wanda ya tsinci takardar nan, don Allah ya aiko min littafi na biyu, mai koya ƙara murya. Ina so mu ji tare da Baffa.