Sifirin da Bitrus Ya Jawo Mana

Laraba, da dare

Har yanzu raina tafasa yake. Yau malaminmu, Dokta, ya dawo mana da aikin rukuninmu kan noman gyaɗa, da jan sifiri a kai. Wai na'urarsa ta gano an yi amfani da AI, kuma sabuwar dokar jami'a ta ce in mutum ɗaya ya yi, duk rukunin ya faɗi.

Ni ce fa na hau acaɓa har Bahuli cikin ruwan sama, ina bin manoma gona-gona da tambaya. Bitrus gabatarwa kawai muka ba shi, ya sa waya ta rubuta masa.

Na bi Dokta ofis na ce, "Yallaɓai, a duba ɓangarena." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Ina fitowa sai ga Bitrus, wai, "Hauwa, yi haƙuri, ai kowa yana yi."

Kowa? Ban da ni! Gobe zan koma ofishin tare da shi, ko da jan riga ne, ya faɗi gaskiya da bakinsa.