Ina Cikin Takaba, An Kira Ni Kwas a Zariya

Salamu alaikum Hajiya Baraka. Don girman Allah ki taimaka mani da shawara, kaina ya kulle kuma lokaci na ƙure mani. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban saba faɗin damuwata ba, ban ma san ta inda ake farawa ba.

Ni mace ce da ta haura arba'in. Karatun allo na yi, na yi sauka, na ɗan taɓa littattafai a zauren mahaifina. Boko sai da na yi haihuwa huɗu sannan na shige shi, da yardar maigidana Malam Mas'udu, har Allah ya sa na samu takardar aikin ɗakin gwaji. Yanzu ni kaɗai ce mai duba jini a wani ƙaramin asibiti a yankin Mairuwa. In an kawo yaro jiki zafi, in tsaga mashi yatsa, in shafa jinin a ɗan gilashi, in zuba mashi ruwan rini, in ya bushe in sa a madubin likita in duba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kamar ɗan zobe take, da ɗigon ja a gefe. In na gan ta in ce akwai, in ban gan ta ba in ce a nemi wani ciwon. Aikina ke nan, kuma ina tsoron Allah a kanshi, don kalma ɗaya tawa ita ke sa a ba ɗan mutane magani ko a hana shi.

Madubin namu ya tsufa, Hajiya. Ba mu da wuta, sai in ja shi bakin taga in tara mashi hasken rana. Daminar bara danshi ya shiga cikin gilashinshi, wani abu ya tsiro kamar saƙar gizo, na goge na goge ya ƙi fita. Yanzu ta gefe guda nake leƙe, kuma kullum gefen ƙara tsukewa yake. Tsinken gwajin zazzaɓi na gaggawa da ake kawo mamu in ya zo yau, kafin sati ya ƙare.

To bara wata ƙungiya da wasu malaman jami'a suka ce za su yi kwas na mako biyu a Zariya ga masu duba jini na ƙananan asibitoci. Za a koya mamu aikin daga tushe, a kuma koya mamu ɗora waya a bakin madubi a ɗauki hoton abin da ido ya gani, na'ura ta taya ka ƙirga ƙwayoyin, in kuma abu ya shige maka duhu ka tura hoton ga manya su duba. Ranar ƙarshe a yi taro kowa ya nuna hotunan da ya ɗauka. Duk wanda ya ci jarrabawa, asibitinshi za a ba sabon madubi mai batir. Ni abin da ya fi ja na shi ne tura hoton nan. Sau da yawa nakan ga abu a jini ban san sunanshi ba, in yi ta kallo ni kaɗai, ba wanda zan kira in ce zo ka gani. Malam da kanshi ya kai ni Faskari a babur aka tantance mu. Yana ta yi mani tsiya a hanya, wai in na dawo daga Zariya sai ya riƙa neman iso kafin ya shiga ɗakina.

Shiru shiru, har na cire rai. Farkon daminar bana Malam ya kwanta, ciwon hanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinshi. Allah ya jiƙanshi. Ina cikin takaba sai ga sunana ya fito. Kuma kwas ɗin zai fara ya ƙare saura 'yan makonni in fita. 'Yan makonni kawai, Hajiya. Kwana ake yi can, ba jeka-ka-dawo ba ne.

Ni na san hukuncin, ba sai an karanta mani ba. Mai takaba na fita da rana don buƙatarta, amma a ɗakin mijinta take kwana. Don haka bayan sadakar arba'in na koma aiki, in fita da hantsi in dawo kafin la'asar, ba kwalli ba turare, da tsohon hijabina. Lokacin zazzaɓi ne, mata cike da baranda da yara a baya, ban ga yadda zan zauna ba.

Nan ma ban tsira ba. Safar hannu ta ƙare mamu, ruwan rinin nan kuwa in ya kama gefen farce yakan yi duhu ya kwana biyu bai fita ba. Rannan Yaya Halimatu Sa'adiya, yayar Malam, ta zo daga Ƙanƙara duba mu. Na miƙa mata ruwa, sai ta riƙe hannuna ta juya shi gaban matan da suka zo gaisuwa. Ta ce lalle ne, baƙin lalle. Wai ƙasar kabarin Mas'udu ba ta gama bushewa ba har an fara ƙunshi, to wa ake yi mawa, malaman asibiti? Na ce Yaya wallahi maganin gwaji ne. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta yi takaba sau biyu, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, ba ta kuma mutu ba. Kuka ya ci ƙarfina. Kafin kwana biyu magana ta zaga dangi har Sabuwa. Tun ranar ban ƙara taka asibiti ba. Ina jin an ce ana maida mata da yaransu gida, wasu su tafi Funtuwa, wasu su sayi magani a kyamis da ka.

Ba na ganin laifin Yaya sosai. Ita ta goyi Malam, kuma mutuwar ta daki zuciyarta. Amma yanzu in na ce zan tafi Zariya in yi mako biyu, kin san abin da za a ce. 'Ya'yana cikin dangin nan za su rayu.

Shugaban asibitinmu, Malam Yahuza, ya aiko mani har gida. Mutumin kirki ne, bai matsa mani ba, amma ya faɗa mani gaskiya: in ban je ba, za a ba wani daga wata ƙaramar hukuma gurbina, madubin ya bi shi. Namu kuwa ba zai kai wata damina ba. In ya mutu an rufe ɗakin gwajin ke nan, don ba wanda zai sai mamu wani. Ɗiyata Hamida ta ce Inna ki tafi kawai, in Baba na da rai shi zai ɗaukar maki jaka. Na ce mata ai da yana da rai da babu takabar. Sai na yi nadamar faɗi.

Na aika an tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce kwana a waje bai halatta ba sai in tsoron rai ne ko rushewar gida. Ɗaya ya ce lafiyar jama'a lalura ce, in je. Da na bincika sai na ji wanda na aika ya ce ma malami na biyun wai asibitin gaba ɗaya za a rufe, kin ga fatawar ba a kan gaskiyar magana aka ba da ita ba, ban iya riƙe ta. Na yi tunanin in riƙa sammako in dawo da yamma kullum. Amma kin san hanyarmu, ba a binta da duku-duku, ba a binta in rana ta yi sanyi. Marayu huɗu gare ni.

Na yi istihara ban ga komai ba sai ƙarin nauyi a ƙirji. In na tafi, ina ganin na ci amanar mutumin da bai taɓa hana ni komai ba, a kan haƙƙinshi na ƙarshe da ya rage a wuyana. In na zauna, duk yaron da aka ba maganin da ba nashi ba baɗi, zan ji kamar da hannuna a ciki. Abinci ba ya shiga, karatuna ma in na buɗe sai in ga ina maimaita layi ɗaya. Wani lokaci har in ce da ma ban taɓa sa idona a madubin nan ba, da yanzu ina zaune kamar kowace mai takaba, baƙin cikina ɗaya ne tak. Astagfirullah.

Hajiya, ya zan yi? Sun ce in ba da amsa kafin ƙarshen watan nan.

Taki,
Baiwar Allah, daga ƙasar Faskari

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Zan fara da inda kika fi cutar da kanki. Ki koma aiki. Fitar rana da kike yi ba ki saɓa wa kowa ba, ke ma kin sani, kuma yaran da ake mayarwa gida yau sun fi na baɗi gaggawa. Amma kada ki koma a ɓoye. Ki sa Hamida ta ɗauko kwalbar ruwan rinin nan, ki nemi dattijo ɗaya a dangin Malam wanda Yaya Halimatu ke jin nauyinsa, a ɗiga a yatsa a gabansu kowa ya gani. Ba don a kunyata ta ba. Mace ce da ta rasa ƙanin da ta goya, ta ga abin da ba ta sani ba, ta fassara shi da abin da ta sani. A ba ta hanyar da za ta janye maganarta ba tare da ta zubar da girmanta ba. Ta yi kuskure, kuma ta yi miki ƙazafi a gaban mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai gyaran ya fi miki amfani a kan a ce ke ce mai gaskiya.

Sai maganar Zariya. Ni ba malama ba ce, ba na ba da fatawa. Abin da kika faɗa game da kwana shi ne abin da ni ma na tashi na sani, kuma na yaba da kika ƙi riƙe amsar da aka samo da ƙarin gishiri. To amma ki lura, har yanzu ba wanda ya ji zancen daga bakinki. Ki nemi malami masani, mai tsoron Allah, ki yi masa bayani da kanki ko ta waya, ba ragi ba ƙari: ɗakin gwaji ne zai rufe, ba asibiti ba, ga yawan masu zuwa, ga nisan Funtuwa, ga halin hanya. Abin da ya ce miki bayan ya ji duka, ki riƙe shi da zuciya ɗaya, ki daina tara fatawoyi.

Jeka-ka-dawo kuwa ki cire shi a lissafi. Ban yarda ba sam.

Akwai kuma ƙofar da ban ga kin ƙwanƙwasa ba. Duk wasiƙarki ba inda kika ce masu kwas ɗin sun san halin da kike ciki. Malam Yahuza ya faɗa miki abin da yake zato za su yi, ba abin da suka ce ba. A makon nan, ba ƙarshen wata ba, ku kira su tare. Ku gaya musu mijinki ya rasu, kina takaba, ga lokacin fitarki. Ku roƙi abu uku: ko akwai rukuni na biyu a sa ki, ko a ajiye wa asibitinku madubin har ki zo ki yi jarrabawar, ko a turo miki darussan ta waya ki fara daga gida, aikin hannun ya biyo baya. Mutanen da suka shirya koyar da tura hoto daga ƙauye zuwa birni bai kamata turo darasi ya gagare su ba. A Zariya suke, sun san mece ce takaba. Ki bar jin kunyar roƙo, ba wa kanki kike roƙa ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, suna iya cewa a'a. In suka ƙi, malamin kuma ya ce ki zauna, to shawarata ki zauna. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga irin zuciyarki. Macen da ta bi diddigin fatawar da ta yi mata daɗi har ta gano an ƙara mata gishiri, ba za ta iya zama a aji a Zariya tana koyon komai ba alhali tana ganin saɓo take yi. Za ki je da jiki ne kawai, ki dawo da abin da zai daɗe yana cin ki. Madubin zai iya kuɓucewa, kuma rashi ne na gaske, ba zan rage masa nauyi ba. Amma ba ke kika tsufar da na yanzu ba, ba ke kika sa ranar kwas ba, ba ke kika ɗauki ran Malam ba. Samar wa asibiti kayan aiki nauyin hukuma ne da masu faɗa a ji na yankinku, kuma Malam Yahuza ya fara bin su tun yau, kada a jingina lafiyar gari guda a wuyan mace ɗaya mai makoki.

Ki ci abinci, 'yar'uwa, ko kunu ne. Ki bar Hamida ta kwana kusa da ke. Kina kukan miji ne, kika mayar da shi kukan madubi saboda shi ne ake iya yi wa dabara. Ki ba kowanne haƙƙinsa.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sanyaya zuciyarki, ya fitar da ke takaba lafiya.

Hajiya Baraka